Shuɗin Bangon Littattafan Baba Jibrin

Umbadda, Umdurman, Sudan
Agusta 1988

Yaya Haliru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da ɗalibanka da duwatsun Yaman ɗinka. Kafin komai, muna raye. Na san rediyo ya riga ni zuwa wurinka, shi ya sa na fara da wannan. Ni lafiya, maigidana Badaru lafiya, yaranmu Awadiyya da Dauda lafiya sai 'yar mura. Ƙanwar Baba ma, Gogo Mariyamu, an aiko daga Alhilla Kuku cewa tana nan garau, ruwa ya tsaya a bakin ƙofarsu.

Ruwan saman da aka yi ban taɓa ganin irinsa ba, tsofaffin unguwa ma haka suka ce. Katangar yamma ta gidan Baba ta narke ta zauna, ɗakin girki ya bi ta. Ɗakin Baba ya tsaya da ƙafarsa, amma rufin ya yi ta zuba kamar rariya. Maƙwabta da yawa suna kwana a filin makaranta. Mu dai muna da inda za mu sa haƙarƙarinmu, alhamdu lillahi.

Na san abin da kake son tambaya kunya ta hana ka, don kar a ce ka fifita takarda a kan mutane. To, kwantar da hankalinka. Littattafan hikayoyin nan sha biyu na Baba sun tsira. Badaru ya shiga ruwa har ƙugu, ya kwaso su daga kanta, ya ɗora a ka. Rediyonsa da takalmansa na Juma'a ya bari suka bi ruwa. Sun jiƙe dai, musamman shuɗiyar takardar nan da Baba ya manna musu a baya. Da ruwa ya ja, ya kai su shagonsa na Kasuwar Libiya, don can ne kaɗai muke da wuri busasshe.

Ka yi haƙuri da rubutun. Tun rasuwar Baba ba ni da wanda nake rubuta wa Hausa sai kai, hannuna kullum ƙoƙari yake ya fara daga dama.

Ƙanwarka,
Sittana

*

Ibb, Yaman
Satumba 1988

Sittana,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni a ƙofar makaranta. Ina karanta layi na biyu na durƙusa na yi sujadar godiya nan a kan tsakuwa, har shugaban makarantar ya rugo yana min ta'aziyya, ya zaci rasuwa aka yi. Sati uku ke nan ina manne da rediyo, ina jin sunayen unguwanninmu ɗaya bayan ɗaya. Allah na gode maka. Ni lafiya nake, sai ciwon gwiwa na hawan dutse.

Katanga kuwa ƙasa ce, a sake kwaɓa ta. Ki gaya wa Badaru na ji abin da ya yi, Allah ya saka masa. Takalman Juma'ar nan dama na daɗe ina cewa sun cancanci hutu.

Kin san ni sarai, wallahi tambayar tana bakina. A cikin littattafan nan Baba ya koya mana karatun Hausa, ni da ke, lokacin da yaran unguwa ke mana dariya wai muna karatu a baibai. Ban gaji gona ba, ban gaji shago ba. Gidan nan da su ne Baba ya bar min, gidan kuma na fi son in ji ku a cikinsa da in ji an rufe shi da kwado.

Idan an sami mai kyamara, a ɗauko min hoton yara, da na littattafan a jere a kantarsu. A gaida Gogo.

Yayanki,
Haliru

*

Umbadda
Oktoba 1988

Yaya Haliru,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mu duk lafiya, zazzaɓin da ya biyo bayan ruwa ya tsallake gidanmu. Ustaz Ibrahimu, abokin aikinka da ya zo hutu, shi zai kawo maka wannan da hotuna biyu, don haka a gurguje nake rubutu, yana tsaye a tsakar gida yana duba agogo.

Albishirinka: katanga ta tashi! Har da jan bulo a gindinta, yadda ruwa ba zai sake cin ta ba. Kar ka tambaye ni yadda Badaru ya yi a cikin wannan tsada, Allah ne ya rufa asiri.

Littattafan ma sun dawo gida. Shuɗiyar takardar ta ruɓe, ta fara wari, dole na zauna da ruwan ɗumi na ɓare ta a hankali. Yaya, ashe ado ne a ƙarƙashi! Wani ja da hoton tsoho a gindin bishiya, wani kore da kwalekwale, biyu farare masu sheƙi, wani toka-toka ba hoto ko ɗaya, ɗaya rawaya, sauran ma kowanne da irin nasa. Tsawonsu ma ba ɗaya ba ne sosai. Awadiyya ta ce kamar matan biki, kowace da nata launin mayafin. Duba hoton ka gani, ni dai sun burge ni.

Sittana

*

Ibb
Nuwamba 1988

Sittana,

Salam. Ina fata kuna lafiya. Hotuna sun iso. Yara sun girma, masha Allah.

Na daɗe ina juya alƙalami kafin in rubuta wannan. Littattafan da ke cikin hoton nan ba su ne na Baba ba.

Ke ba ki zo gidan ba tukuna lokacin da aka kawo su, ni kuwa ina nan. Shekarar da Baba ya je Najeriya ganin dangi ya dawo da su a kwali guda, bugu ɗaya, tsawo ɗaya, bangonsu duka rawaya. Ni na riƙa miƙa masa su ɗaya bayan ɗaya yana shafa ƙaro yana manna shuɗiyar takardar da ake naɗe dunƙulen sukari da ita. Idona ya ga wannan, ba labari aka ba ni ba. In an ɓare shuɗin, rawaya sha biyu ya kamata a gani. Masu sheƙin nan kuwa ko makaho ya shafa ya san bugun baya-bayan nan ne.

Sun bar gida sun yi wata biyu a kasuwa. Sun dawo da wata kama. A tsakanin nan katanga ta tashi da jan bulo, kin ce kar in tambaya. Na kuma san akwai masu neman tsohon bugu irin wannan su saya da daraja, su kai wa masu bincike a jami'a.

Ban ce ke kin sani ba. Kuma da an tambaye ni, da na ce a sayar, rufin asirin yara ya fi takarda. Abin da ya yi min ciwo shi ne a cike gurbinsu da wasu, a jera, a ɗauko min hoto kamar ƙaramin yaro. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Haliru

*

Umbadda
Janairu 1989

Yaya Haliru,

Muna lafiya. Na yi shirun wata biyu ne don in na rubuta a lokacin, da abin da zan rubuta ba zai goge ba.

Ka san yadda muke yi da wasiƙunka. Ranar Juma'a bayan an ci abinci nake buɗewa in karanta da ƙarfi, kowa na zaune, don Badaru yana jin Hausa amma ba ya karanta ta. Haka na yi da wannan. Ban ankara ba sai da na kai wurin jan bulo. Na tsaya, ya ce, “Ci gaba, ya Sittana.” Na ƙarasa. Ya ajiye kofin shayinsa da rabi, ya sa hula ya fita.

Ga labarin katangar da ka ƙulla zance a kanta. Gayya aka yi. 'Yan layinsu na kasuwa suka zo Juma'a biyu suka kwaɓa ƙasa, ni da maƙwabta muka yi musu abinci. Jan bulon kuwa ragowar ginin wani abokinsa ne a Soba, ya ce a zo a kwashe. Na ce kar ka tambaya ne don Badaru ba ya son a san ya karɓi kyauta. Yanzu ga shi na tona masa wannan ma.

Littattafan kuma da hannuna na ɓare su, a nan tsakar gida, takardar Baba tana manne da su da rubutun hannunsa a kai. Abin da na tarar shi na gaya maka. Yadda aka yi rawayanka suka zama ja da kore, Allah ya sani, ni ban sani ba.

Badaru ya zuba su a kwali ya ɗaure da igiya, ya ce a ba Ustaz Ibrahimu in ya sake zuwa, ko duk mai tafiya. Ya kuma nemi ɗaki biyu na haya a unguwar Haj Yusuf. Ya ce ba zai kwana a gidan mutumin da ke ganinsa ɓarawo ba, ƙarshen watan gobe za mu tashi, a aiko maka da makulli. Na yi kuka, na yi lallashi, ya ce, “Halas, na gama magana.”

Na san dangantakarmu sai an zauna an warware: kakata ƙanwar kakarka ce, shi ke nan. Amma ina shekara tara Baba ya ɗauko ni ya kawo ni gidan nan, bai taɓa nuna min ni ta nesa ce ba. Kai ne ka fara, kuma ta hanyar gidan waya.

Sittana

*

Umbadda
Fabrairu 1989

Yaya Haliru,

Ban jira amsarka ba, don wannan labari ba ya jira. Kowa lafiya. Zauna kafin ka karanta, kar shugaban makarantarku ya sake rugowa.

Shekaranjiya na haye gada na je Alhilla Kuku in yi wa Gogo Mariyamu sallama, in gaya mata za mu tashi. Na same ta a rumfa tana soya gahawa. Na kwashe komai na faɗa mata ina share hawaye. Ina kaiwa wurin rawaya sha biyu, sai tsohuwar nan ta fashe da dariya har gahawa ta kusa ƙonewa. Na ji haushi, na ce, “Gogo, gida zai watse kina dariya?”

Ta ce, “Ke, ya bitti, 'yata, rawaya nawa suka rage?” Na ce ɗaya. Ta ce, “Ɗaya? Wallahi na zaci ko ɗaya babu. Yaya Jibrin ya yi ƙoƙari.”

Ka tuna alhazan da ke sauka a zauren Baba, masu zuwa ta ƙasa a bayan manyan motoci daga yamma? Wani ya yi sati, wani takardunsa su maƙale ya yi wata shida, wani ciwo ya kwantar da shi 'yan tafiyarsa su wuce su bar shi. Gogo ta ce in Baba ya ga mutum ya fara zama shi kaɗai yana kallon katanga, ba ya cin abinci, sai ya shiga ɗaki ya zaro littafi ɗaya ya ba shi. In bai iya karatu ba a samo wanda zai karanta masa. In ranar tafiya ta zo mutumin bai gama ba, ko ya gama amma ya kasa sakinsa, sai Baba ya ce ya tafi da shi. Sharaɗi ɗaya ne: in ya koma gida, ya sayi irinsa ya ba duk alhajin da zai biyo ta Umdurman baɗi.

Kuma suna aikowa, Yaya! Wani bayan shekara, wani bayan huɗu. Sai dai kafin nan masu bugawa sun canza bango, kowa abin da ya samu a kasuwar garinsu shi yake aikowa. Masu sheƙin nan, ta ce, ba su fi shekara biyu da zuwa ba Baba ya rasu.

Na ce to me ya sa ba wanda ya sani? Ta ce, “Saboda Inna Kubra mana!” Mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta, awarwaronta ta sayar aka cika kuɗin tafiyar da aka sayo littattafan, kuma ta riga ta gaji da kyautar Baba, mutumin da ya taɓa ba baƙo bargon gadonsu. Ta rantse in ya taɓa littattafan nan za ta tafi gidansu. To da littafi ya fita, sai Baba ya sa wani tsohon littafin lissafi mai shuɗin bango ya toshe gurbin. Da sabo ya iso, sai ya kai ɗakin Gogo, lokacin tana zaune a gidan, ta dama ƙaro, ya manna takarda, ya rubuta suna, a mayar kanta kafin Inna ta dawo daga kasuwa. Gogo ta ce, “Kina tsammani son shayi ne ya sa na yi shekara ashirin ina tara takardar dunƙulen sukari? Da aka daina kawo irinsa, har wurin fataken Chadi nake bi ina roƙo, suna min kallon mai taɓin hankali.”

Na ce Inna ba ta taɓa ganewa ba? Ta ce, “Ta gane mana. Kubra ce fa. Wata rana ta shigo ta tarar da mu hannu dumu-dumu da ƙaro, ta dube mu, ta ce a daɗa ruwa ya yi kauri, ta fita.”

Yaya, na yi dariya na yi kuka a rumfar nan har maƙwabta suka leƙo. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda ban san girmansa ba sai da ya tafi. Idonka bai yi ƙarya ba, hannuna ma bai yi ba.

Na gaya wa Badaru. Ya saurara har ƙarshe, na ga gefen bakinsa ya motsa wurin zancen ƙaro. Amma kwalin yana nan a ɗaure, kuma bai ce an fasa tashi ba. Sauran aikin naka ne.

Ƙanwarka,
Sittana

*

Ibb
Fabrairu 1989

Sittana,

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka zo, ta Janairu ta yi wata guda a wani buhu a Sana'a. Allah ya taimake ni na fara buɗe ta biyun. Da ta farkon na fara, ban san yadda zan shiga aji ba. Wannan kuma na ba direban da zai kai ta filin jirgi da hannunsa, don ta riga ƙarshen wata.

Ki karanta wannan da ƙarfi ranar Juma'a, kowa na zaune, yadda aka karanta waccan.

Badaru, na zalunce ka. Ka shiga ruwa har ƙugu saboda kayan ubana, ni kuma na zauna a kan dutse a busasshiyar ƙasa na ɗora maka sata. Ba ni da hujja sai hoto da mugun lissafi. Ina roƙonka gafara a gaban matarka da 'ya'yanka, tunda a gabansu na ci mutuncinka. Kar ka aiko min da makulli. Katangar da ka tayar ta fi ni haƙƙi a gidan nan, balle kai.

Sittana, ke ma ki yafe min. Ba ki taɓa zama ta nesa ba.

Wani abu ya dawo min tun da na karanta labarin Gogo. Ina yaro na taɓa kifar da shayi a kan littafi na bakwai, shafi uku suka yi ja. Na yi shiru ina jiran duka. Da na dawo hutu daga makarantar kwana na buɗe, na tarar da shafukan fari fat. Shekara talatin ina ɗauka wata addu'a Baba ya yi musu! Ashe nawa mai tabon yana can wani gari a Najeriya.

Kar a sake rufe su da komai. A bar kowanne da rigarsa.

Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin nan har na ji kunya. A garin nan ba mai jin Hausa ko mutum ɗaya, shekara huɗu ke nan rabona da gida, wani lokaci nakan yi magana da ƙarfi don kawai in ji ta a kunnena. Ina jin wannan zaman ne ya sa zuciyata ta yi tsami. Ba uzuri nake kawowa ba.

Yayanki mai jin kunya,
Haliru

*

Umbadda
Maris 1989

Yaya Haliru,

Lafiya lau muke. Na karanta, kowa na zaune, har Gogo da muka ɗauko a mota musamman. Wannan karon Badaru ya shanye shayinsa. Da safe na tarar da igiyar kwalin a rataye a ƙusa, littattafan a kanta. Mai ɗakunan Haj Yusuf ya sami wasu masu haya. Alhamdu lillahi, na yi barcin da rabona da shi tun kafin ruwa.

Sauran maganar ta Badaru ce. Ya ce in rubuta yadda ya faɗa, kar in gyara masa:

“Ya Ustaz, salam. Ma'alesh, ya wuce, na yafe. Ni ma da na ga hoton nan a wurinka, wallahi sai in zargi kaina. Amma na ji ka ce kana zaune kai kaɗai kana magana da katanga. A gidan nan an san maganin wannan. Ga rawayan nan guda da ya rage, na sa a cikin kayan Ustaz Ibrahimu da ya sake leƙo gida. Sharaɗin Baba Jibrin yana nan, sai dai na ƙara masa kaɗan, tunda ni aka ɓata wa. Ba na son irinsa, shi nake so. Kuma ba a hannun alhaji ba, ba ta gidan waya ba. Kai za ka kawo shi da ƙafarka, hutun bana, ka sa shi a kanta da hannunka, sannan ka zauna ka ci abinci da ɓarawon.”

Na ce ya cire kalmar ƙarshe, ya ce in na cire ba zai sa hannu ba. Ga hannunsa nan a ƙasa, da Larabci.

Gurbin yana nan a buɗe, ba mu toshe shi da komai ba.

Ƙanwarka,
Sittana